Ƙofar da Ke Bayan Kicin

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Yaya da yaranta. Yaya ƙafar taki? Kullum kina cikin addu'armu ta safe, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Tarin Baba ya lafa, Auta ta shiga sakandare, ni kuma sakamakon jarrabawata ya fito, na ci. In kin ji an ce na sami aiki, ba haka ba ne. Kira na aka yi ganawa kawai, ba su ce komai ba tukuna.

Goggo, akwai maganar da nake ta so in yi miki a waya, amma da na ji muryarki sai in ɓige da tambayar ruwan sama. Shi ya sa na zauna na rubuta. Maganar ƙaramar ƙofar nan ce ta bayan kicin, mai shiga gidan Maman Tagwaye.

Har yau in na shiga kicin sai idona ya kai wurin. A da, ko sakata ba ta da ita, sai wata lanƙwasasshiyar ƙusa. Ta nan kike miƙa gishiri, ta nan dutsen gugarmu ke dawowa da sauran zafinsa. Ran Lahadi in hadari ya taso muna coci, Maman Tagwaye ke kwashe mana shanya, ran Juma'a kuma tagwaye suna bayanki da cinyarki. Marigayi maigidanki, Baba Tela, yakan ce sayen rediyonsa asara ne, tunda ku biyu kuna riga shi kawo labari. Ni kuwa can nake gudu in na fasa kofi, ta ɓoye ni bayan labule, ta fito ta ce miki ba ta ga kowa ba, alhali ƙafafuna a waje.

Na san ke kika sa aka toshe ƙofar da bulo, bayan ranar rikicin da aka ƙone shago muka rasa Baba Tela. Ina tsaye magini yake aikin, kina zaune a bakin kicin kina kallo. Ba na so in ƙara ko in rage a wannan magana. An ce an ga babban ɗan Maman Tagwaye cikin mutanen da suka zo ranar. Na tambayi masu faɗar, kowa ya ce shi ma ji ya yi. Ba na cewa bai je ba, Goggo. Ban sani ba, ban kuma sami wanda ya gani da idonsa ba.

Tun tafiyarki unguwa ta rabu biyu. Akwai shinge a kan kwana, ana rufe shi da faɗuwar rana. Maza suna ta taron sulhu a makaranta, Baba ya ce rabin lokacin kan ƙare a gardamar wanda zai zauna gaba. Wuri ɗaya ya rage da ake haɗa kafaɗa, wato bencin asibiti ranar rigakafi. Mama ta bar aikin ungozoma, amma tana zuwa taya su awon jarirai. Ita ta kawo shawara a zumuntar mata cewa duk wadda ta je ta zauna kusa da wata daga ɗaya ɓangaren, ta tambayi sunan jaririnta, kada kuma a taɓa maganar wa ya fara. Da farko an yi mata dariya, wai da sunan jariri za a kashe wuta. Yanzu akwai masu jiran juna a bakin shinge su tafi kasuwa tare.

A bencin nan Mama ta haɗu da Maman Tagwaye. Ta rame, Goggo. Ta kawo ƙaramar tagwayen awon ciki, cikin fari ne, jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura. Na ga katin, wata mai zuwa ake sa ran haihuwa. Asibiti a ɓangarenmu yake, in naƙuda ta zo bayan an rufe shinge ba su da hanya. Maman Tagwaye ba ta roƙi komai ba. Ƙafarki kawai ta tambaya, ta ce ko har yanzu kina ƙin shan magani.

Mama ta dawo ta ce a buɗe ƙofar. Dattawan coci suka ce a dakata a ga yadda sulhu zai kaya, ta ce musu ciki ba ya jiran taro. Ta kuma ce ta gaji da roƙon gafarar Ubangiji kowace safiya tana juya wa bangon nan baya. Baba ya ce gida naki ne, mu zama kika ba mu, kuma ke aka yi wa rashi, don haka ba mai taɓa wurin sai da yardarki. Mama ta yarda da haka. Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki gaya wa Goggonki ba cewa na yi ta manta ba. In ta ce a'a, ko bulo ɗaya ba zan taɓa ba. Tsani zan jingina in haura."

Kin san Mama, za ta yi. Na je na duba tsanin, matakinsa na sama ya tsage, ita kuma gwiwarta ba ta fi taki lafiya ba. Ni ma ina jin tsoron buɗe ƙofar, ba zan ɓoye miki ba, amma na fi tsoron ranar da za a buga mana bango mu rasa ta inda za mu bi. Magini ya ce aikin bai kai wuni ba. Don Allah ki yi addu'a a kai, ki ba mu amsa kafin watan nan ya ƙare. Duk abin da kika ce, haka zan isar, ba zan gyara ba.

Ki gaishe min da Yaya da maigidanta, da yaransu Babangida da 'Yar Baƙa, ki ce mata ban manta da alkawarin jaka ba. Baba da Mama da Auta suna gaisuwa. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Taki mai jiran amsa,
'Yar ƙanenki