Log Takwas a Tushe Biyu

Abaji, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Umma da kowa a Garki. Direban makaranta zan ba wannan, tunda an hana mu waya.

Yaya, takaici ya hana ni cin abinci. An yi mana gwajin zaɓen wadda za ta wakilci makaranta a gasar lissafi. Tambayar ƙarshe ita ce log 8 a tushe biyu. Na rubuta 3, domin biyu sau biyu sau biyu takwas ne. Malam Lukmanu ya danna log a kalkuletarsa, ta ba shi 0.903, ya soke nawa. Mashkura da ta kwafe lambar kalkuleta aka zaɓa, da maki ɗaya ta fi ni.

Ya dawo min da takardar da jan yawun goro a kan ukun nawa. Da bakin biro na ɗauke ta. Na koma wurin zamana.

Ƙanwarki,
Nazeefa

Garki, 9 ga Fabrairu

Nazeefa sarkin kunya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Umma na gaishe ki.

Maɓallin log ɗin nan tushe goma kawai ya sani. Kada ki yi wa Malam Lukmanu gardama. Ki roƙe shi ya danna log 8, ya raba da log 2, a kalkuletar tasa. Ki goge yawun da ke kan takardar, ki buɗe baki ranar Litinin. In kin yi shiru, ni ma na soke ki.

Yayarki,
Rakiya

Abaji, 13 ga Fabrairu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na je wurin Malam Lukmanu, na roƙe shi kamar yadda kika ce. Ya ce, "Ke Nazeefa, ashe kina magana?" Ya danna, 3 ta fito. Ya sake dannawa, ya bubbuga kalkuletar a tebur, ta ƙi canzawa. Sai ya tofar da goro ya ce, "Dama gwada ku nake yi."

Washegari ya koya wa aji sauya tushe, ya ce dabararsa ce tun yana jami'a. Har tafi aka yi masa. Ni dai na kalli ƙasa.

An gyara makin, ni zan je gasar ranar Asabar. Shi zai raka ni, wai zai ƙara koya min a mota.

Don Allah ki aiko min da leda ta saka takardu.

Taki,
Nazeefa