Jirgin da nake nufi na ruwa ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Shekarar da korona ta rufe masallatai aikina na sito ya tsaya a nan Greensboro ta Amurka. Wani dattijo ɗan garinmu, Alhaji zan kira shi, ya ɗauke ni a wurinsa na sayar da motoci a titin Gate City Boulevard. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada in tafi sai ɗansa ya gama karatu ya karɓi wurin. Na ɗauki alkawari, na riƙe.

A nan na haɗu da wani ɗan Ghana da ya zo sayen mota, ma'aikacin teku ne. Shi ya nuna mini hanya: katin shiga tashar jiragen ruwa, gwajin likita, takardar izinin aiki a teku, sai kos na kashe gobara da ceton kai a ruwa. Ya ce daga ƙasa ake farawa, kankare tsatsa, fenti, jan igiya, idan kwanakinka a ruwa suka taru ka yi jarrabawa ka hau gaba. Na yi istihara, zuciyata ta kwanta. Da furfurata na koyi iyo a cikin yara, suna ta dariya, ban fasa ba.

Da takardu suka fito na ce wa Alhaji na samu aikin jirgi. Ya rungume ni yana hamdala. Ashe shi jirgin sama ya ji. Ya faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a, ya kuma buga wa Innata waya a gida wai ɗanta zai tuƙa jirgi. Ni ban sani ba, sai a wani suna a unguwar Sedgefield da wani ya ce, "Kyaftin, yaushe za ka kai mu Makka?" Na ce ai nawa na ruwa ne, kuma goge-goge zan fara. Aka kwashe da dariya.

Alhaji ya yi fushi ƙwarai, wai na kunyata shi. Ya ce gidanmu gidan malamai ne, ba Sarkawa ba ne masu su, ya tambaye ni ina zan ga alƙibla a abin da ke juyawa. Na ce masa da ladabi, malaman da suka koya mana karatu da ajami sun karantar da mu sallar mai tafiya a jirgin ruwa, kuma wanke motar da na yi shekaru ina yi masa bai fi wanke jirgi daraja ba. Masu kirana Sarkin Ruwa a bakin masallaci kuwa, ina amsawa, sana'ar halal ba ta ba ni kunya.

Ɗan Alhaji ya gama karatu, ranar Litinin na damƙa masa makullan wurin a gaban mahaifinsa. Alhaji ya ce, "Malam, ka cika alkawari, ba na bin ka komai. Allah ya tsare. Amma nan gaba ka riƙa ƙarasa magana." Muka yi dariya, muka yi musafaha.

Saura Inna. Har yanzu jirgin sama ta sani, har sadakar ƙosai ta yi. Mace ce da ko gada aka hau sai ta rufe ido tana salati. Alhaji ya ce in bar ta a haka, jirgi ai jirgi ne, ban yi ƙarya ba. Ni kuma ba na son addu'arta ta riƙa bi na sama alhali ina ruwa. Idan na faɗa mata ta ce a'a, duk duniya ita kaɗai ce za ta iya tsayar da ni, kuma zan tsaya.

Wanda zai ce in fasa saboda surutun mutane ya huta. Tambayata ita ce, in faɗa mata kafin in tafi, ko sai na dawo daga tafiyar farko ta ji muryata lafiya? Masu iyaye tsofaffi, ku faɗa mini.