Farar Masarar Kaka

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Inna da mutanen gida? Allah ya ƙara maka lafiya.

Baba, goyon masarar da ka aiko ya iso. Ka tambaye ni wace cuta ce ta sa ƙwayoyi rawaya a cikin farar masarar Kaka, na ce maka a waya yawan ruwa ne. Ƙarya na yi.

Ba zan kushe sabon irin rawayar masarar nan da aka sauya wa halitta ba. Kai ma shaida ne, tsutsa ba ta taɓa shi ba, ba ka yi feshi ko sau ɗaya ba, rumbu kuma ya cika. Amma ni malamin gona ne, kullum ina gaya wa manoma su bar tazara mai nisa tsakaninsa da tsohon iri, don iska tana kwasar garin furen wannan ta zuba wa wancan. Da na zo gonarka, sai na sa aka shuka su kafaɗa da kafaɗa, don kawai in ɗauki hoto manyana su ga bambancin. Hoton yana bangon ofis, har yabo na sha. Irin da ka ajiye shekara arba'in kuwa ya gauraye, ba zai koma yadda yake ba. Wata biyu ke nan na kasa zuwa gida, don ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni kunya. Ka tuna goyo ɗaya na masarar Kaka da na ɗauka a ɗakin girkin Inna bara? A kan teburina yake, na liƙa masa takarda na rubuta cewa tsohon iri ne marar amfani. Shi nake ɗagawa manoma suna dariya. Yanzu shi kaɗai ya rage bai gauraya ba.

Na naɗe ƙwaya goma daga jikinsa a jiƙaƙƙen tsumma, huɗu sun tsiro. Ga sauran nan a jikin goyon, cikin wannan ƙunshi. Ka shuka su bayan gida, nesa da kowace masara. Na ɓare takardar, amma za ka ga tabon gam ɗin, ya ƙi fita.

Ka yafe mini, Baba. A gaida Inna.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Auta