Uwarki Ce Turken Iyaka

Tokmok, 3 ga Maris, 1911

'Yata Ustinya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Kondrat da abin da ke cikinki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta ga maciji da sanyi.

Na ji Kondrat zai kai ki sabuwar ƙasa a gindin duwatsu, da cikin wata takwas, don mai awon filaye na gwamnati ya iske iyali a wurin. Ina gama karanta wasiƙarki na ɗauki alƙalami. Kin daɗe kina tambayar tarihin uwarki ina ta kewaye-kewaye. To, ga shi.

Mu bakwai aka haifa a Poltaba, yunwa ta bar biyu, ni da yayata Melaniya, uwarki. Ta auri ubanki, muka biyo danginsa wata huɗu a keken shanu har ƙasar Kirgizawa. Kakanki Trofim, uban ubanki, Allah Ya gafarta masa in da hali, ya ƙyalla ido ya ga wani kwari mai marmaro inda Kirgizawa ke ajiye tumaki lokacin sanyi. Ya kafa bukka ba izinin kowa. Mai awo kuwa gidan da ya iske da hayaƙi a murhu yake ba ƙasa, kuma bisa yawan maza ake yankawa. Trofim ya dubi cikin uwarki ya ce, "Tulun nan namiji ne a ciki, ba zai fashe mini a banza ba." Aka ɗora ta a keke zuwa kwarin, tafiyar yini biyu daga ungozoma.

Kwana uku tana naƙuda. Wata tsohuwar Bakirgiza, cikin waɗanda muka ƙwace wa wurin kiwo, ita ta zo ta ciro ki. Jini ne ya ƙi tsayawa, har uwarki ta cika. Trofim ya leƙo ya ji mace aka haifa, ya tofar da yawu. Sannan ya hana a kai gawar maƙabartar coci. Ya binne ta can ƙarshen kwarin, bayan marmaro, ya kafa dogon gicciye. Da mai awo ya zo ya ga gicciyen, sai ya ce ba a barin kabarin Kirista a hannun wasu, ya ja igiyarsa har wurin. Uwarki ce turken iyakar gonarku har yau.

Ki zo ki haihu a ɗakina. Ina roƙonki.

Innarki mai ƙaunarki,
Fekla


Tokmok, 20 ga Maris, 1911

'Yata Ustinya,

Ina gaishe ki, ina fatan ƙafafun sun rage kumburi.

Amsarki ta iso. Kin ce Trofim mugu ne, Kondrat kuwa bai tilasta miki ba, roƙonki ya yi har da hawaye. Kayya, yarinya. Ai Trofim ma bai iya tilasta wa uwarki ba. Ta ce masa ko da bulala ba za ta hau keken ba, ubanki kuma ya tsaya mata.

Ni ce na kai ta. Lokacin ina son Yefim, mijina na yanzu, ubansa kuwa ya ce marainiya ba za ta shigo masa gida hannu rabbana ba, sai in Trofim ya yanka mini gona a kwarin. Trofim kuwa ya ce sai na shawo masa kan uwarki. Na durƙusa na kama ƙafar Melaniya ina kuka, na ce, "Yaya, in kin ƙi, a gida zan tsufa." Ta yi dariya ta ce, "Tashi, uwar son aure, kin jiƙa mini riga." Da hannunta ta ɗaure kayan jariri.

Shekara ashirin da ɗaya ina cin alkamar kwarin nan. Ko limamin coci ban taɓa faɗa wa ba. Kullum na goya ki sai in ji kamar sata na yi.

Na san bayan wannan ba za ki so ganin fuskata ba. Na gama magana da ungozoma Agafya, ta share miki ɗaki a gidanta. Yefim zai zo ɗaukarki ranar Asabar. Ni kuwa zan bar garin sai kin yi arba'in, ba za ki ci karo da ni ba ko a bakin rijiya.

Ki tsane ni iya ranki, amma ki biyo shi.

Ƙanwar uwarki,
Fekla