Rajistar 'Yan Wasan Kofin Garuruwa Uku

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Na fara rubuta tarihin gasarmu. Bana shekara talatin ke nan da muka kafa Kofin Garuruwa Uku, Mafara da Bakura da Maradun da ƙauyukansu, kuma ni ne sakatare tun ranar farko. Shekara biyar rabon da a buga, rashin tsaro a hanya ya hana. Matata Taiba ta ce in gasa ta mutu a bar ta ta huta. Ni kam sai na yi mata tarihi.

Talata, 9 ga Yuli
Na sauko da rajista daga saman kwaba. Na yi dariya ni kaɗai. Ni na kawo dokar yin rajista saboda 'yan haya, da 'yan ƙungiyar Morai suka riƙa ɗauko mana ƙarti daga Gusau suna cewa 'ya'yansu ne. Kowane ɗan wasa sai hotonsa, sunan uba, tsagar fuska in akwai, da kwatancen hanya har ƙofar gida ko ruga. A lokacin har kirari aka yi mini, wai Malam Balarabe ba a yi maka wayo.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na kai 1998. Janbako ta ci Damri ɗaya da nema, saura minti biyu. Murtala ya ɗago ƙwallo daga dama, Hayatu ɗan ruga ya sa mata kai ta shige raga. Murtala ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin kasuwa.

Asabar, 13 ga Yuli
Murtala ya zo da hantsi, shi da wasu biyu da ban sani ba. Yanzu yana cikin masu sintiri, tun da 'yan bindiga suka kashe ƙanensa a gona bara. Mun daɗe muna gaisawa, amma bai zauna ba. Ya ce, "Malam, littahin nan naka muka so. An ce an ga ɗan Hayatu cikin waɗanda sunka shigo muna. Sun tashi daga tsohuwar ruga, ba mu san inda sunka koma ba."
Na ce wa ya gan shi? Ya ce, "An dai gani."
Na ce littafin yana wajen mai ɗinke littattafai. Ƙarya, a gaban yaron da na koya wa karatu. Ɗaya daga cikin baƙin bai ɗauke ido daga ƙofar ɗakina ba.

Lahadi, 14 ga Yuli
Na duba. Mahmud Hayatu, rajistar 2019, lamba tara kamar ubansa. Hoto ga shi tar, yana murmushi. A ƙasa, da hannuna: bayan Janbako, a wuce tsamiya biyu, a bi rafi hagu. Allah ya isa tsakanina da wannan iyayi nawa.

Litinin, 15 ga Yuli
Ban san ko yaron ya yi ko bai yi ba. Na dai san in suka je ba tambaya za su yi ba, kuma a rugar akwai mata da tsofaffi. Ina jin tsoro, in faɗi gaskiya. Taiba ta ce, "Takarda ce fa, Malam, ba Ƙur'ani ba."

Talata, 16 ga Yuli
Babur ya tsaya ƙofar gida sau biyu. Ba a yi sallama ba.

Laraba, 17 ga Yuli
Murtala ya aiko, gobe bayan la'asar zai zo karɓar littafin.

Alhamis, 18 ga Yuli
Taiba na tuƙa tuwon rana na zauna kusa da murhu da reza. Shafin Mahmud kaɗai na yi niyya, sai na ga kowane ɗan ruga haka yake. Shafi sittin da ɗaya. Na Hayatu ne na ƙarshe, na ɗan riƙe shi kafin in sa shi a wuta.
Murtala ya karɓi littafin, ya buɗa, ya shafa inda aka yanke. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Gara ta ci, ko Malam?" Na ce gara. Ya juya wajen abokansa ya ce, "Babu komi ciki, mu tai." Ban san ko rufa mini asiri ya yi ko ajiye ni ya yi sai wata rana ba.

Juma'a, 19 ga Yuli
Na sake kwafe babin 1998 a sabuwar takarda, tsohuwar ta yi datti. Janbako ɗaya, Damri nema. Taiba ta leƙo ta karanta, ta ce wa ya ci ƙwallon? Na ce an daɗe, na manta.