Garwashin Jego a Bin Mahmud

Bin Mahmud, Doha
8 ga Janairu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin tashi lafiya, kuma jikin Baba yana ƙara sauƙi. Na san jinyarsa ce ta hana ki zuwa, don Allah ki daina ba ni haƙuri a kowace takarda. Ga shi na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo kamar yadda kike so, tunda kin ce kunnenki ba ya ɗaukar maganar waya.

Inna, na gaji. Yau kwanan takwararki goma sha tara a duniya, ba ta taɓa ganin rana ba. Ƙasar da aka ce mana sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, bana sama ta ɓalle kamar an huda ta. In ruwa ya ɗauke, iska ta karɓa, ta yi ta kuka a ƙarƙashin ƙofa. 'Yan ƙasar murna suke yi, suna fita sahara da motoci suna ɗaukar hoton gajimare. Ni kuwa ina hawa na huɗu ina juya rigunan Ummi a kan kujeru kamar mai gashin tsire. Kwana uku abu bai bushe ba, sai warin danshi, kuma bangon bayan gado ya yi baƙi ƙirin. Gidajen nan don zafi aka gina su. Tayil ne ko'ina, ga na'urar sanyaya ɗaki har biyu, suna kallona ina kallon su. Na aika a sayo min hita mai ɗumama ɗaki, an zaga shago uku an ce ta ƙare.

Abban Ummi tun washegarin suna ya koma wajen aikinsu na gas a tsakiyar teku. Ranar Lahadi ya kamata ya sauko, amma jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi a wannan iska. Kullum sai ya ce gobe.

Wankan jego ina yi safe da yamma. Nanret, wata nas 'yar Pankshin da muke ƙofa da ƙofa, ita ke tsinko min ganyen darbejiya a bakin asibitinsu, ta shigo jiƙe sharkaf tana mita. Kunun kanwa ma ina sha. Sai dai da na fito daga wanka sanyi yake rufe ni har haƙorana na kaɗawa, Ummi kuma ta fara atishawa.

Na ga takardarki ta jiya ma da "Ke 'yar nan" ta fara. Shekara ashirin da bakwai, har na haihu, kunyar 'yar fari ba ta bar ki kin faɗi sunana ba. Ko a takarda, Inna? Biro ai ba shi da kunya.

Ki gaida Baba da kowa da kowa.

'Yarki,
Bilkisu

Funtua
10 ga Janairu

Ke 'yar nan,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam ya fara ɗaga hannun da kansa, alhamdulillahi. Biro ba shi da kunya, amma mai riƙe da shi tana da ita. Ki bar ni da abin da na tarar.

Mu nan sai mun yi roƙo ake ba mu ruwa, ku kuna kuka da shi. Allah mai iko.

Amma takardarki ta hana ni sukuni. Sanyi shi ne babban abokin gaban mai jego. In ya shiga ƙashi yanzu ba za ki ji shi ba, sai kin kai shekaruna zai fito ya ce ga shi. Kuma ban yarda a sa wa takwarata kaya masu danshi ba. Duk digirinku ke da mijinki, a ce an rasa yadda za a busar da rigar jaririya?

Lokacin da na haife ki a ɗakin kakarki a Bakori, kwana arba'in garwashi bai mutu a ɗakin nan ba. Ba zai yiwu a ce ƙasar da ake gasa nama babu gawayi ba. Ki nemo, ki hura shi har ya yi ja hayaƙin ya ƙare, ki zuba a kasko ki ajiye tsakiyar ɗaki. Ki jera kayan a kewaye nesa kaɗan. Ki rufe ƙofa, ki toshe duk inda iskar nan ke shigowa kada ta bugi yarinya. In kin fito wanka ki zauna kusa har sai kin yi gumi. Haihuwa bakwai na yi a haka, ba wanda ya yi ko tari.

Ki yi wa maƙwabciyarki godiya. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Innarki

Bin Mahmud
12 ga Janairu

Inna,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Wallahi wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi! Na samu gawayi a shagon da ke ƙasan gidanmu. Kasko babu, sai na zuba a tsohuwar tukunyar ƙarfe. Na cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, na liƙe gefen taga da salatef, iska ta yi shiru. Kafin la'asar kayan Ummi sun bushe ƙayau. Na ɗauki riga ɗaya da ɗuminta na kai hanci, sai na ji ƙamshin ɗakin Kaka, na zauna na yi kukana.

Kaina yana ɗan sarawa tun jiya, in na miƙe sai jiri, amma na san rashin barci ne. Ita kuwa takwararki ta samu abin da take so, barci take yi har sai na tashe ta shan nono. Ban gaya wa Nanret ba, don komai ta gani sai ta yi masa lacca. Ruwa bai fasa ba. Gobe zan ƙara gawayin in shanya zanin gado.

Ki gaida Baba.

Bilkisu

Funtua
15 ga Janairu

Ke 'yar nan,

Bayan gaisuwa, lafiya kuwa? Kwana uku ba takarda. Na sa an kira wayarki ba a ɗauka, ta mijinki ba ta shiga. In ɗumin ɗaki ne ya sa ki lalaci, ki tashi ki rubuto ko layi biyu ne. Jiya na zuba gishiri sau biyu a miya.

Innarki

Doha
16 ga Janairu

Mama,

Sannu da gida, yaya mai jiki? Sunana Nanret, ni ce maƙwabciyar Bilkisu. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Jos ce. Da wayarta nake turo miki wannan.

Kafin komai, Bilkisu tana da rai, Ummi tana da rai. Mun gode wa Allah. Suna asibiti, gobe za a sallame su. Ta ce in rubuta miki cewa mura ce kawai. Ni nas ce, Mama, ba na yin irin wannan ƙarya wa uwa.

Ranar sha uku ga wata na taso daga aikin safe wajen ƙarfe uku, na kawo mata ganye. Na buga ƙofa, shiru. Na sake bugawa, ko kukan yarinya babu. Mijinta ya bar min makulli ɗaya, sai na buɗe, ƙofa ta ƙi turuwa saboda tawul. Da na shiga na ga gawayi yana ci a tukunya, Bilkisu tana kwance a ƙasa kusa da gado, Ummi ta yi laushi kamar tsumma. Na yage salatef na buɗe duk taga, ruwa yana shigowa har kan katifa, ban damu ba. Na fitar da yarinya waje, na ja uwar da ƙafa. Motar asibiti ta daɗe, don ruwa ya cika hanyar ƙarƙashin gada sai da suka zaga. An sa musu oksijin. Likita ya ce da na tsaya cin abinci kafin in buga ƙofar nan, da wani labari muke yi.

Mama, gawayi yana fitar da wata iska da ba ta da wari, ba ta da launi. A ɗakin da aka toshe, tana sa mutum ciwon kai, ta sa shi barci, shi ke nan ba zai tashi ba. Barcin da Ummi take yi ba na jin daɗi ba ne.

Na tambaye ta wa ya ba ta wannan shawara, ta ce ita ta yi tunaninta. Ban yarda ba. In kin san mutumin, don Allah ki ja masa kunne sosai, ya kusa kashe mutum biyu.

Yanzu Ummi tana shan nono da ƙarfi. Allah ya ba Baba lafiya.

Taki,
Nanret

Bin Mahmud
19 ga Janairu

Innata,

Assalamu alaikum. Mun dawo gida lafiya. Abban Ummi ya iso jiya ta jirgin ruwa, ya sha amai a hanya har ya fi ni kama da mai jego. Wani abokin aikinsa ya ba mu aron hita.

Na ga abin da Nanret ta rubuta. Ba ta san shawararki ce ba, kuma ba zan gaya mata ba. Waya ta nuna kin buɗe takardar tun ranar, ga shi kwana uku ba ki ce komai ba.

Inna, ki saurare ni. Abin da kika faɗa gaskiya ne a ɗakin Kaka. Ƙofarsa asabari ce, tagarsa rami ne ba gilashi, ko an ce an rufe iska tana shiga ta fita. Ke ba ki taɓa ganin ɗakina ba. Ni da ke cikinsa, ni da na yi karatun, ni ya kamata in lura. Ni na sayo salatef.

Har yanzu ana ruwa, kayan sun koma kan kujeru, kuma na gaji fiye da da. Amma ruwan nan zan iya da shi. Shirunki ne ba zan iya ba. Ki rubuto ko faɗa ne.

Ki gaida Baba.

'Yarki

Funtua
20 ga Janairu

Bilkisu,

Wa alaikumus salam. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Da na karanta takardar yarinyar nan, abin da ya fara zo min shi ne, da kin tafi ranar, da kin tafi ba ki taɓa ji na kira ki da sunanki ba.

Ki gaya wa Nanret ni ce, kuma kunnen ya jawu. Allah ya yi mata albarka, ya saka wa iyayenta.

Ki bar taga a buɗe ko ana ruwa. Ki yafe min, Bilkisu.

Mahaifiyarki,
Safura