Abin da Ya Faru Bayan Palomino

Riohacha, Litinin

Mama,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Yaya ƙafarki, kumburin ya sauka? Yaya yarana, suna dai jin maganarki? Ki sa mini albarka tun yanzu, kafin ki karanta sauran.

Mijina Wilfrido yana da rai, muna asibiti. Haƙarƙarinsa uku sun karye, idonsa na hagu kuwa likita ya ce sai yadda Allah ya yi.

Ranar Asabar da hantsi muka bar Santa Marta, teku a hagunmu, duwatsu a dama. Shekara tara da aurenmu, sai yanzu ya fita da ni yawo. A Buritaca muka ci soyayyen kifi da shinkafar kwakwa, ya sha giya biyu, ya wurgo mini makulli yana tsokanata, wai "Yolima, tunda kin koyi tuƙi, yau ni ne mai mota."

Da muka wuce Palomino kaɗan, sai maza uku suka fito daga gonar ayaba da bindigogi, suka tare hanya. Wani mutum suke nema, suka ce Wilfrido ne. Ya rantse musu shi makanike ne kawai. Suka fizgo shi waje, babbansu, mai furfura a gemu, ya dinga kirɓa masa gindin bindiga a fuska da ƙirji. Ina jin ƙarar ƙashi, Mama. Jini har kan gilashi. Suka yar da shi gefen titi, mutumin ya ja da baya zuwa gaban mota, ya saita Wilfrido da bindiga, ya ce mini, "Kau da kanki, uwargida."

Ban kashe injin ba. Na taka mai. Motar ta bi ta kansa, sauran biyun suka tsere cikin ayaba. Na ja Wilfrido a sume zuwa kujerar baya.

Nan na tsaya da nake ba 'yan sanda labari. Ke kaɗai zan gaya wa ragowar. Da na koma kan sitiyari na leƙa madubi, na ga mutumin yana jan ciki, ba bindiga a hannunsa, yana ɗago mini hannu. Na sa giyar baya, Mama. Na koma ta kansa. Kwana biyu ina jiran nadama, har yanzu ba ta zo ba.

Biyun da suka tsere sun ga lambar motarmu. Yau ɗin nan ki kwashe yaran ku tafi Sincelejo wurin Kawu Argemiro, kada ki zo nan. Kuma kada Wilfrido ya ji. Shi ya ɗauka sau ɗaya ne.

'Yarki mai ƙaunarki,
Yolima